Daga Dogari Zuwa Maigadi: Tarihin Ƙofar Makaranta a Daura

Ni ne na yafuto ta. Wannan ce maganar da na kasa faɗa wa yayata a daren da muka kwana asibiti, kuma da ita zan fara, don kada mai karatu ya zaci wani mai tsabtar hannu ne ke ba shi labari. Wata Talata ce cikin hunturu, aka aike ni ɗauko 'yarta mai shekara bakwai daga wata makaranta da ke bakin babban titi a Daura. Na iso an riga an kaɗa ƙararrawa, babura da motoci sun cushe bakin ƙofa babu masakar tsinke. Sai na tsaya a tsallaken titi, na hango ta, na ɗaga mata hannu. Ta ce, "Kawu!" ta sheƙo a guje. Ɗan achaɓan da ya buge ta ba gudun ganganci yake yi ba. Yara huɗu ne a kan mashin ɗinsa, kuma wata mota da aka ajiye a gefe ce ta kare masa ita. Allah ya taƙaita abin a karayar hannu.

Kwana biyu da faruwar haka kakanmu ya zo dubiya, shi da ya yi elementare a zamanin Sarki Abdurrahman. Ya saurari labarin har ƙarshe, sannan ya ce, "Wai ni yaushe aka fara ɗauko yara daga makaranta? Mu dai sau ɗaya aka kai mu, shi ma da ƙarfin tsiya. Daga nan ƙafarmu ta san hanya." Aka yi dariya, amma ni tambayar ta zauna mini. Cunkoson da nake ɗauka tamkar da shi aka halicci makaranta, ashe akwai mai ran da ya girme shi nesa ba kusa ba.

Makarantar da Daura ta sani tun kaka da kakanni ita ce ta allo, kuma ba ta taɓa haɗa hanya da abin hawa ba. A zauren malam take, ko gindin bishiyar ƙofar gidansa, cikin unguwar da yaro ya buɗe ido. Tsakaninta da gida lungu biyu ne ko uku, waɗanda in jaki ya shigo da kaya sai mutum ya raɓe jikin katanga. Wanda ya wuce karatun unguwa kuwa sai ya tafi gabas ya zauna can, ba ya zuwa ya dawo kullum.

Da boko ya zo, bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Kano a 1909 aka kuma kafa Kwalejin Katsina a 1921, En'e ta riƙa buɗe elementare a garuruwan hakimai. Damuwar hukuma a lokacin ita ce yadda za a sami yaran da za a zuba a aji. Akan yanka wa hakimi ko dagaci adadin da zai kawo, shi kuma ya tura a kamo. Kakanmu ya ce a rumbu aka ɓoye shi yini guda, amma dogari ya zaƙulo shi, ya riƙe masa wuyan hannu tun daga ƙofar gida har gaban hedimasta, uwarsa na biye tana kuka kamar an yi mutuwa. Idan ana lissafin masu kai yara makaranta a ƙasar Daura, to dogari ne na farko a jerin. Nisa kuwa da makarantar kwana ake maganinsa. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa tsakanin 1948 da 1952, da ya wuce Midil ta Katsina a 1953 sai ya koma can da zama. Yaron da makarantarsa ta yi nisa sau ɗaya yake hawa mota a farkon zango, sau ɗaya a ƙarshensa.

Sai dai boko ya shigo da wani abu da ba a lura da nauyinsa ba sai daga baya, wato agogo da ƙararrawa. Karatun allo da lokutan salla yake tafiya, yara na zuwa a rarrabe, wanda ya biya allonsa ya matsa. Boko kuwa ya ce kowa ya hallara a minti ɗaya, kowa ya fita a minti ɗaya, wanda ya yi latti bulala na jiransa. Mu mutanen Daura bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, tunda labarinmu mafi tsufa ma na rijiyar Kusugu ne, wadda maciji ya hana a ɗebi ruwanta sai ranar Juma'a. Masu ba da labarin ba su cika tsayawa kan turmutsitsin da za a yi a bakin rijiyar a wannan rana ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar makaranta da ƙarfe ɗaya da rabi ya san kamanninsa. Muddin dai da ƙafa ake zuwa, ƙararrawa ba ta cutar da kowa. Yaro ɗari uku masu tafiya ƙasa cikin minti biyar lunguna ke shanye su.

Cikin shekaru biyar na zamanin soja abubuwa uku suka faru waɗanda suka kusanto da makaranta da titi. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. A Daura wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin iyakar Kongolam na nan kusa, kuma kafin ranar direban da ya nufi Damagaram sai ya sauya hannu in ya tsallaka. Sannan kuɗin Udoji suka zo a farkon 1975, malaman makaranta da ma'aikata suka ajiye keken Rali suka hau babur. Na ukun shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a Satumbar 1976. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a ajin farko a faɗin ƙasa, kusan miliyan 3 suka bayyana. Cikin tsohon gari babu filin da zai ɗauki azuzuwa da filin wasa, saboda haka sababbin makarantu suka fita bayan gari, inda fili yake a yalwace, kuma kusan kullum a bakin hanya, domin nan ne motar siminti za ta iya sauke kaya. A lokacin gonaki ne kewaye da su. Gari ne ya biyo su daga baya ya wuce, hanyar da mota ke gilmawa jefi-jefi ta zama titin da ba ya hutawa.

Duk da haka mahaifina, wanda ɗan wannan shirin ne, bai san a kai shi ko a ɗauko shi ba. Ayari suke yi daga unguwa, babban yaro a gaba, ƙanana a tsakiya. In ɗaya ya ratse, kafin ya kai ko'ina wani dattijo da ke zaune a dakali ya kira shi da sunan ubansa ya kora shi. Babu wanda ya rubuta wannan tsari, babu wanda ake biya dominsa, shi ya sa da ya watse ba a ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Abin da ya watsa shi, a ganina, zaɓi ne. Bayan an ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, musamman daga ƙarshen shekarun 1990, makarantun kuɗi suka yawaita, iyaye suka fara tsallake makarantar unguwa suna neman wadda suka fi yarda da karatunta, ko da a ɗaya ƙarshen gari take. Ba na ganin laifinsu, ni ma da haka aka yi mini. Amma yaran gida ɗaya sai suka rabu makarantu uku, ayari ya rasa masu haɗa shi. Aka kuma soma kai yara tun suna shekara uku, waɗanda ko kwandon abincinsu ba sa iya ɗauka balle su yi tafiyar kilomita biyu. Daidai wannan lokaci babura masu araha suka shigo daga Sin, daga baya na Indiya, sana'ar achaɓa ta bunƙasa, aka sami ɗan achaɓan wata, wanda ake biya ya kwashi yaran gida biyu ko uku safe da rana. Keken nan mai ƙafa uku, da Kanawa ke kira a-daidaita-sahu mu kuma muke cewa kurkura, ya biyo baya. Kowane ɗayansu yana da gidaje da yawa da zai zaga kafin a rufe ƙofa, don haka gaggawa tana cikin sana'ar tun asali.

Sai tsoro ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. Ƙanƙara da Daura akwai tazara, amma labarin ya shiga kowane gida. Iyayen da a da suke barin yaro ya bi 'yan uwansa suka ce sai dai hannu da hannu, makarantu kuma suka ɗaga katanga, suka toshe ƙananan ƙofofi suka bar guda ɗaya don a san mai shiga da mai fita. Hikima ce ta fuskar tsaro. Ta fuskar hanya kuwa, an tattara yara ɗaruruwa an fesar da su ta kafa ɗaya, kuma kafar titi take kallo. Da man fetur ya yi tsada bayan janye tallafi a Mayun 2023, mashin ɗin da ke ɗaukar uku ya koma ɗaukar biyar.

To wa ke da wannan wuri? Ikon hanya a ƙasar nan ya sha sauya hannu. Daga dogarai ya koma ga 'yan dokan En'e, daga su ya koma ga 'yan sandan tarayya bayan an haɗe rundunonin, a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jihar Katsina ma ta kafa tata hukumar, KASSAROTA. Kowace da faɗin aikinta, daga manyan hanyoyi zuwa tashoshi da kasuwanni, kuma ko za a tara jami'ansu duka ba za su wadaci ƙofar kowace makaranta a ƙananan hukumomi biyar na masarautar ba. Hedimasta ikonsa a bakin katanga ya tsaya. Minti ashirin ɗin nan na tashi sun faɗa a tsakani, kuma wanda ya tsince su shi ne maigadi.

Bayan abin da ya faru na koma na zauna da maigadin makarantar, wani dattijo mutumin ƙauye da ya ba sittin baya. Na ce, "Baba, wa ya sa ka ba da hannu a titi?" Ya ce, "Babu kowa, ɗana. Ƙofa aka ce in tsare. To amma in na buɗe ta, ina yaran za su faɗa?" Ya nuna mini dabarunsa. Igiya ce yake ɗaurawa daga ginshiƙin ƙofa zuwa wata bishiyar dalbejiya, don babura su tsaya bayanta. 'Yan ƙananan aji yake fara saki in malamai sun yarda. Masu tallan rake da awara ya lallashe su sun matsa gaba kaɗan, domin ya lura yaro kan tsallaka titi saboda abin naira hamsin fiye da yadda yake tsallakawa saboda ubansa. Abin da ya gagare shi masu motoci ne. "Mai mashin in na ɗaga sanda yakan ji kunya. Mai mota sai ya sauke gilashi ya tambaye ni ko na san wane ne shi." A Ingila, tun 1953 doka ta san da mai tsallakar da 'yan makaranta, kuma direban da ya ƙi tsayawa in an ɗaga masa alama ya yi laifi. Sandar Baba ba ta da wata doka a bayanta sai furfurarsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne garin nan gwani ne wajen tafiyar da taro. Duk wanda ya ga Hawan Magajiya ko Sallar Gani ya ga dawaki bila adadin da dubban 'yan kallo cikin titunan da ba su fi na ƙofar makaranta faɗi ba. Kowane hakimi ya san gurbinsa a jeri, ba a tashi gaba ɗaya, kowa fuska guda yake bi, kuma in dogari ya ce a matsa, babu mai tambayarsa ko shi wane ne, saboda an san wanda ya tsayar da shi. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ƙofar makaranta ta rasa, kuma babu na sayarwa a cikinsu. Tazarar minti goma tsakanin tashin ƙanana da manya ba ta cin ko sisi. Ƙofar tashi da ke kallon lungu maimakon titi aikin magini ne na kwana biyu. Masu unguwanni suna nan, kuma da mai unguwa zai tsaya tare da shugaban 'yan achaɓa da iyayen yara a ce wannan dattijo da yawunmu yake ɗaga sanda, da mai sauke gilashi ya rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, tana kuma ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane ke cuɗanya da ababen hawa. Tudun rage gudu biyu kan tabbatar da wannan fiye da allon gargaɗi goma. Ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Daura a Disambar 2019. Ina fata wata rana in ga ɗalibanta tsaye da takarda a ƙofar wata firamare suna ƙidayar babura, kafin su kai ga lissafin jiragen ƙasan Kano zuwa Maraɗi.

Mako shida aka yi kafin a cire wa yarinyar filasta. A ranar, muna dawowa, na faɗa wa yayata cewa ni na tsaya a tsallake na kira ta. Ta ce ta sani, tun a daren farko yarinyar ta gaya mata, jira take ta ga ko zan faɗa da bakina. Har yanzu ni nake ɗauko ta ranar Talata. Nakan ajiye mashin can wajen masu rake, in tako da ƙafa, in tsaya bayan igiyar Baba tare da 'yan achaɓa har a buɗe ƙofa.