3.4 Dabarun Bahaushe na Maganin Sanyin Hunturu

Kafin zuwan Turawa, gini shi ne babban makamin Bahaushe a lokacin hunturu. Bangon ƙasa yakan sha zafin rana, ya sake shi cikin dare. Tsofaffi kuwa akan gina musu gadon ƙasa, a zuba garwashi a ƙarƙashinsa, su lulluɓa da gwado ko luru. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bargon kanti da rufin kwano suka yaɗu sannu a hankali. Da yake kwano ba ya riƙe ɗumi, sai aka ƙara dogara da kaskon gawayi, wanda kan haddasa gobara, hayaƙinsa kuma yakan halaka mai barci a rufaffen ɗaki.