Gidan FitzGerald na Kildare: Sarautar da Ta Tsira Daga Takobi, Bashi Ya Cinye Gadonta

Duk mai bin labaran ƙasar Ayilan ya saba jin sunan Leinster House, ginin da majalisar dokokin ƙasar ke zama a cikinsa a birnin Dublin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba don majalisa aka gina shi ba. Gidan mutum ɗaya ne, James FitzGerald, wanda ya aza harsashinsa a 1745 don ya riƙa sauka idan ya shigo birni. Danginsa sun fi shekara 700 suna riƙe da ƙasa a tsibirin, har akwai zamanin da Sarkin Ingila kansa bai iya mulkin Ayilan sai ta hannunsu. Yau sarautar tana nan, amma manyan gidajen da gonakin duk sun fita daga hannunsu. Yadda aka yi haka shi ne abin da nake so mu duba tare.

Asalinsu ba ƴan ƙasa ba ne. Jikokin mayaƙan Normandi ne, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kakansu Gerald na Windsor yana tsaron gidan ganuwa na Pembroke a yankin Wales, inda ya auri gimbiya Nest, ɗiyar wani sarkin yankin. Kalmar Fitz a harshensu tana nufin ɗa, saboda haka FitzGerald shi ne ɗan Gerald.

Da ɗan gari akan ci gari. A 1166 abokan gaba suka kori Diarmait Mac Murchada, sarkin yankin Leinster na Ayilan, sai ya ƙetare teku neman taimako. Cikin waɗanda suka amsa kiransa a 1169 akwai Maurice, ɗan Gerald da Nest. Waɗanda aka gayyato taimako ba su koma gida ba. Maurice ya samu ƙasa a wajen Naas da Maynooth, yamma da Dublin, daga baya zuriyarsa ta rabu manyan rassa biyu. Reshen Kildare ya samu sarautar da suke kira Earl a 1316, reshen Desmond na kudu ya samu tasa a 1329. Na Desmond ya rushe a 1583 bayan tawaye. Labarinmu na Kildare ne.

Idan ka duba tambarin gidan za ka ga birai, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da biri ba ya cikin dajinta. Labarin da suka gada kaka da kakanni ya ce, gobara ta taɓa tashi a gidan ganuwa na Woodstock kusa da garin Athy, mutane suka watse, aka manta da jariri a ɗaki. Da aka dawo nemansa sai aka hango birin da ake kiwo a gidan can bisa hasumiya, rungume da yaron. Jaririn nan, in ji su, shi ne John FitzThomas, wanda ya zama Earl na farko. Labarin baka ne, amma ya zauna daram a tambarin.

Suna kuma da kirarin yaƙi, Crom Abu, daga sunan gidan ganuwarsu na Croom, ma'anarsa kusan Croom har abada. Lura, mai karatu, kalmar abu ta harshen ƴan ƙasa ce, ba ta Faransa ko Ingila ba. Wannan ya nuna yadda baƙin suka narke. Suka koyi harshen mutanen Ayilan, suka yi auratayya da sarakunansu, suka riƙe mawaƙansu a fada. Abin ya dami mahukuntan Ingila har aka kafa dokokin Kilkenny a 1366, waɗanda suka hana zuriyar baƙi auren ƴan ƙasa da magana da harshensu da sa irin tufafinsu. Dokar ba ta yi tasiri sosai ba. A 1495 sai da majalisa ta sake yin wata dokar musamman don haramta wannan kirari da na abokan hamayyarsu, gidan Butler.

Ƙarfin gidan ya kai ƙololuwa a hannun Earl na 8, wanda ƴan ƙasa ke kira Garret Mór, wato Gerald Babba. Ya yi shekaru masu yawa yana wakiltar Sarkin Ingila a Ayilan, ya kuma ƙulla surukuta ta ko'ina: ƴar'uwarsa tana gidan O'Neill na arewa, ɗiyarsa tana gidan Butler. Ƙarfin halinsa ya kai a 1487 ya tsaya aka naɗa wani yaro, Lambert Simnel, a matsayin Sarkin Ingila a cocin Christ Church na Dublin, alhali Henry na 7 yana kan gado. Aka ci rundunar yaron a yaƙin Stoke, aka mai da shi ɗan aikin madafar fada, amma Garret Mór aka yafe masa. Dalili kuwa a fili yake: mulkin Ayilan kai tsaye yana buƙatar sojoji da kuɗi masu yawa, shi kuwa Kildare yana yi wa sarki aikin da mayaƙansa. Ko da aka kama shi aka tsare a Landan, a 1496 sarki ya sake mayar da shi kan muƙaminsa. Ana ba da labarin cewa da aka kai ƙara wai duk Ayilan ta kasa juya mutumin nan, sarki ya ce to shi sai ya juya Ayilan ɗin baki ɗaya.

Akwai wata ƙofa da har yau ake nuna wa baƙi a cocin St Patrick na Dublin, da rami a tsakiyarta. An ce a 1492 rikici ya yi tsanani tsakaninsa da mutanen Butler, suka shige wani ɗaki na cocin suka kulle. Ya yi musu alkawarin aminci, suka ƙi fitowa. Sai ya sa aka huda ƙofar, ya zura hannunsa ciki, ya san sarai suna iya sare shi. Ganin haka suka kama hannun, aka sasanta. Garret Mór ya rasu a 1513 sakamakon raunin harbin bindiga.

Shekara 21 bayan rasuwarsa gidan ya faɗa cikin masifa. Sarki Henry na 8 ba ya son kowa ya yi ƙarfi a gefensa. A 1534 ya kira Earl na 9 Landan, shi kuwa ya bar riƙo a hannun ɗansa Thomas, saurayin da bai daɗe da haura shekara 20 ba. Jita-jita ta bazu cewa an kashe uban. Ranar 11 ga Yuni, Thomas ya shiga zaman majalisar sarki a Dublin da mahaya 140, kwalkwalinsu da adon alharini, abin da ya sa ake ce masa Thomas Mai Alharini. Ya ajiye takobin mulki, ya ce ya fita daga biyayya. A lokacin uban yana da rai. Masana tarihi da dama na ganin barazana ce kawai gidan ya shirya don sarki ya sassauta, irin wadda ta sha yi musu aiki a baya. Wannan karon sarki bai sassauta ba. Uban ya rasu a tsare cikin shekarar. A watan Maris na 1535 igwa ta rushe katangar Maynooth, aka karkashe masu tsaronta bayan sun miƙa wuya. Thomas ya sallama da tsammanin afuwa, amma ranar 3 ga Fabrairu 1537 aka kashe shi a Tyburn tare da baffanninsa biyar, har da waɗanda ba su sa hannu a tawayen ba.

Magaji ɗaya ya rage, ƙanen Thomas da suke uba ɗaya, Gerald, ƙaramin yaro da ke fama da agana. Aka yi ta ɓoye shi daga wannan gida zuwa wancan. Gwaggonsa Eleanor ta auri Manus O'Donnell, sarkin can arewa maso yamma, don yaron ya samu mafaka. A 1540 aka tsallakar da shi Faransa, daga nan ya kai Italiya. Bayan mutuwar Henry ya dawo, a 1554 Sarauniya Mary ta mayar masa da sarautar ubansa. Don son binciken ilimi da yake yi, mutane suka laƙaba masa Earl Matsafi. Har yanzu ana tatsuniyar cewa duk shekara bakwai yakan fito bisa farin doki mai takalmin azurfa ya zagaya filin Curragh.

Daga nan gidan ya koyi zama lafiya da fadar Landan, arziki ya dawo. James, wanda muka fara da shi, ya samu sarautar Duke na Leinster a 1766, ga gidansa na birni, ga katafaren gidan Carton a Maynooth. Amma jinin tawaye bai ƙafe ba. Ɗansa Lord Edward ya yi wa Ingila yaƙi a Amurka, inda aka ji masa rauni a 1781, wani baƙar fata da ya gudo daga bauta mai suna Tony Small ya cece shi, ya kuma zauna tare da shi har ƙarshe. Edward ya koma cikin jagororin masu neman ƴancin Ayilan. Aka kama shi a watan Mayu na 1798, ya rasu a kurkuku ranar 4 ga Yuni daga raunin harbi, yana da shekara 34.

Abin da Henry na 8 ya kasa yi, zamani da ɗan gida suka yi shi. An sayar da gidan birni tun 1815, majalisa ta fara zama a cikinsa a 1922. Bayan dokar filaye ta 1903, aka sayar wa manoma masu haya mafi yawan gonakin. Duk da haka dukiya mai yawa ta rage. Ƴaƴan Duke na 5 maza uku ne. Babban, Maurice, rashin lafiya ya tsare shi a asibiti. Na tsakiya, Desmond, ya rasu a Faransa a 1916 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Autan, Edward, ya tsunduma cikin caca da almubazzaranci. Da bashi ya kai masa wuya, sai ya sayar wa wani attajiri, Sir Harry Mallaby-Deeley, haƙƙinsa na cin moriyar gadon iya tsawon rayuwarsa, a biya masa basussuka a kuma riƙa ba shi fam 1,000 duk shekara. Ya sayar da abin da bai riga ya shiga hannunsa ba. A 1922 wansa ya rasu, Edward ya zama Duke na 7, kuɗin shiga na gadon kuwa suka riƙa tafiya wurin attajirin da magadansa. Aka sayar da Carton a 1949. Duke ɗin ya rasu a 1976 a ɗan ɗakin haya a Landan.

Yau Carton otal ne mai filin wasan golf, gidan ganuwarsu na Kilkea shi ma otal ne. Kundin tsarin mulkin Ayilan na 1937 ya hana gwamnati ba da irin waɗannan sarautu, saboda haka sunan Duke na Leinster ba ya ɗauke da wani iko a ƙasar. Wanda ya gaji sarautar a 2004, Duke na 9, a Ingila ya zauna, sana'arsa tsara lambuna.

A 1537 mutane sun sa rayukansu a haɗari don su ɓoye yaro ɗaya, gidan ya sake tashi. A ƙarni na 20 babu maƙiyin da ya zo da igwa, sa hannu ɗaya a takardar bashi ya wadatar. Birai suna nan a tambarin, Crom Abu yana nan rubuce a ƙarƙashinsu, gidajen kuwa baƙi ne ke biyan kuɗi suna kwana a ciki.