Wanda Ya Ƙare Gem Shi Ke da Bakin Magana

A zamanin da muka taso a Haɗeja, idan yara biyu suka kaure da gardama a kan wani gem, tambaya ɗaya ce ke kashe maganar: "Ka ƙare shi?" Wanda bai kai ƙarshe ba sai ya ja bakinsa ya saurara. Wanda ya kai kuwa ya zama malamin unguwa na wannan mako, shi za a tambaya yadda dodon ƙarshe yake, da inda ake ɓuya, da ko wahalar ta biya. Yau wannan tambaya ta fara rasa ma'ana a bakin ƙannenmu, kuma yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda aka zo nan.

Kafin allo ya shigo, muna da wasanninmu, kuma kowanne yana da ƙarshe sananne. Dara ana haƙa mata gurbi talatin a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa, har sai ɗaya ya kasa jerawa. Langa tana ƙarewa idan ruwa ya sha. Dattawan da ke zama a gindin bishiya bayan la'asar su ne suka fara koya mana cewa daɗin wasa rabinsa a bugawa yake, rabinsa kuma a sharhin da ke biyo baya: wa ya yi garaje, wa ya yi dabara, wa ya ci da sa'a kawai.

Na'urar da ta fara shiga gidajenmu asalinta daga Japan ne. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a 1983, sannan Super Mario Bros. ya biyo a 1985. Abin da ya iso hannunmu ta kasuwannin Kano, shekaru bayan haka, yawanci kwaikwayonta ne ƙirar China, da kaset mai alƙawarin wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Lokacin ne kuma aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, a watan Agustan 1991. Mario yana da duniya takwas, kowace da mataki huɗu, kuma ba shi da hanyar ajiye inda ka tsaya. Idan NEPA ta ɗauke wuta kana duniya ta bakwai, sai ka koma farko. Saboda haka ƙare shi ya haɗa abu uku: gwaninta, haƙuri, da wutar da ta yi maka kara. Ra'ayin waɗanda suka kai ƙarshen ya rabu biyu. Wasu suka ce ƙarshen bai kai wahalar ba, domin gimbiyar da aka sha fama a kanta 'yar godiya kawai ta yi. Wasu suka ce ai daɗin a hanya yake. A Contra kuma gardamar ta ɗabi'a ce: wanda ya danna sirrin nan mai ba da rai talatin, shin ya ƙare gem ko ya yi satar amsa?

PlayStation ta fito a ƙarshen 1994, ta biyun ta zo a 2000, kuma da su ne gem ya tashi daga falon masu hali ya koma shago. Gidan gem ɗaki ne guda, da benci, da talabijin biyu ko uku, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa. Abin da ya riƙe waɗannan shaguna ƙwallo ce, wato Winning Eleven na kamfanin Konami, wanda aka sani da Pro Evolution Soccer daga 2001, da kuma FIFA. Dalilin a fili yake: wasa ɗaya 'yan mintuna ne, wanda aka ci shi ke biya, sai na gaba ya karɓi fad. Gem mai dogon labari ba ya yi wa mai shago riba, tun da mutum ɗaya zai riƙe talabijin awa biyu. Sai da safe, ko lokacin da kasuwa ta yi sanyi, za ka ji yaro yana lallashi: "Yaya, don Allah a sa mini San Andreas, na zo da memorina."

Wannan ɗan katin ajiya shi ya sauya ma'anar ƙarewa. Yanzu ana iya bin labari mako-mako. GTA San Andreas, wanda ya fito a 2004, da yawanmu ba mu taɓa ƙare shi ba. Mun tsaya ga satar mota da danna lambobin sirri. 'Yan kaɗan da suka jure suka kai ƙarshe sun dawo da wani labari daban, na CJ da ya koma unguwarsu bayan an kashe mahaifiyarsa, da amininsa Big Smoke da ya ci amanarsa. Su ne suka ce mana ashe gem ɗin a kan zumunci da cin amana yake. God of War na 2005 ya jawo wata irin muhawara. Kowa ya yarda faɗansa ya yi kyau, amma akwai waɗanda suka ajiye fad suka ce ransu bai kwanta da labarin gumakan Girka ba, inda jarumin ke kashe Ares ya hau kujerarsa. Wasu suka amsa cewa tatsuniya ce irin ta Gizo da Ƙoƙi. Ba a taɓa daidaitawa ba, amma kowane ɓangare ya san abin da yake magana a kai, domin ya gani da idonsa. Akwai kuma katangar harshe: labaran duk da Turanci suke, da yawanmu kan tsallake maganganun mu wuce wurin faɗa, mu ƙare gem ba mu san me ya haɗa rigimar ba.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, kuma Snake na Nokia 3310 shi ne gem na farko da manoma, masunta da 'yan kasuwa suka riƙe a aljihu. Amma babban juyin ya zo da manyan wayoyi: Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty: Mobile a 2019. Waɗannan ba a ƙare su. Ana gama zagaye a shiga wani, ana gama zango a buɗe sabo da sababbin kaya na sayarwa. An gina su ne don ka dawo gobe, domin da daɗewarka ake samun kuɗi. Ko ƙwallon ta bi wannan hanya: PES ya koma eFootball a 2021, ana saukewa kyauta ana sayen 'yan wasa a ciki. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta ya yi tsada, gidan gem ya ƙara shiga matsi, yara suka ƙara komawa waya.

A gari irin namu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a nan aiki yana bin ruwa. Kogin Haɗeja yana cika yana janyewa, madatsun Tiga da Challawa suna da hannu a yawan abin da ke isowa, shinkafa da noman rani da su ba sa jiran kowa. Gem mai ƙarshe yana sakin mai shi ya koma gona ko makaranta. Wanda ba shi da ƙarshe yana cin data da barci ba tare da ya ce an gama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa harkokin rayuwa.

Akwai wani abu kuma da waɗanda suka ƙare gem suka fara lura da shi. A watan Agustan 2021 aka ƙara wa Age of Empires III wani ɓangare mai suna The African Royals, inda Hausawa suka zama al'ummar da ake iya bugawa da ita: Kano ce cibiya, Sarauniya Amina ce jagora, akwai mahaya masu lifidi, kuma dakarun da Hausa suke amsa umarni. Wasu cikinmu sun ji daɗi har cikin rai. Wasu suka ce an cakuɗa zamunna, an haɗa abin da ƙarnoni suka raba. Duka ra'ayoyin suna da tushe, kuma duka sun kai mu ga tambaya guda: me ya hana mu yi namu? A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. A Legas akwai Maliyo Games. Mu kuma muna da Sarki Buhari da ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, da Sarki Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa ya rasu yana yaƙi a watan Afrilun 1906. Muna da ganuwa, da dawaki, da fadama mai sauya taswira kowace damina. Labaran nan suna da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ba sa buƙatar fassara.

Idan ƙaninku ya ce yana buga wani gem, ku yi masa tsohuwar tambayar. In ya ce ya ƙare, ku zauna ku ji me ya gani, me ya burge shi, me zai gyara in shi ne ya tsara. Irin wannan hirar ce ke fitar da marubuci, ko mai zane, ko mai rubuta manhaja. In kuma ya ce wannan ba a ƙare shi, to ku tambaye shi ƙarfe nawa ya kwanta jiya.