Zare: Yadda tara ta sauka daga wuyan direba ta koma kan lambar mota

1/ Jama'a, bara Kawuna ya kwana tara motarsa na ajiye a ƙofar gida a Kiyawa, ba lodi ba balas, saboda tarar laifin da wani ya yi a Legas. Shi kuwa ko gadar Jebba bai taɓa tsallakawa ba. Abin da ya sa na bi tarihin wannan al'amari ke nan. Ku biyo ni a hankali.

2/ Kawu direban haya ne, Dutse zuwa Azare, wani lokacin har Kano. Ya sayi Sharon ta hannu a wajen dillali, da lambar Legas a jikinta. Aka miƙo masa takardu a leda, aka yi addu'a, aka watse. Ba a yi canjin mallaka ba. Ya ce ai kowa haka yake yi.

3/ Da takardun suka ƙare, ya tura wa mai sabunta masa kuɗi. Sai ga waya: "Alhaji, kwamfuta ta ƙi. Akwai tara har uku a kan lambar nan, sai an biya." Kawu ya kira ni ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka faɗa min, yaushe aka fara bin ƙarfe bashi?"

4/ Tambayar ta tsaya min a rai. Amsar da na samu ita ce, a shekara ɗari da 'yan kai, bashin hukuma ya sauya mazauni sau uku a ƙasar nan. Da farko jikin mutum ake riƙewa. Daga baya aka koma riƙe takardarsa. Yanzu kuma lambarsa ake riƙewa.

5/ Mu fara da zamanin En'e. Kiyawa da Dutse a lokacin gundumomi ne a ƙarƙashin Kano. In ka yi laifi ɗan doka zai tasa ƙeyarka zuwa gaban alƙali. Ka biya tara a nan take, ko danginka su haɗo, ko ka kwana a gidan yari. Bashi ba ya daɗewa, domin mai bashin yana hannu.

6/ Amma tun a lokacin an san dabarar ɗaure mutum da takarda. Tsofaffinmu suna ba da labarin rasidin haraji: matafiyi ba ya rabuwa da shi, don ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Keke ma sai da lamba. Haraji da jangali sai 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, da mu a ciki.

7/ Ta ɓangaren mota kuwa, dokar hanya da ta daɗe tana aiki ita ce ta 1947, wadda ta fara aiki a 1949. Ita ta tsara rajista da lasin. Dokar da ta wajabta inshorar kare wanda ka buge ta 1945 ce. Wato takardun da ake tambayarka a shinge yau, asalinsu ya girmi 'yancin kai.

8/ Sai dai rajistar nan a littafi take, da biro, a ofishin da aka yi ta. Alƙalin da ya ci ka tara a wani gari ba shi da hanyar sanar da akawun da zai sabunta maka lasin. Littafin hukunci daban, littafin kuɗin shiga daban. Ku riƙe wannan, shi ne zuciyar zancen.

9/ Daga nan motoci suka yawaita. An yi canjin hannu ranar 2 ga Afrilu 1972, kuɗin mai ya shigo, aka shimfiɗa tituna, haɗurra suka yi yawa. Jihar Oyo ta kafa rundunar kiyaye haɗurra tata a 1977, kuma Wole Soyinka na cikin waɗanda suka tsaya mata.

10/ A Fabrairun 1988 gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, da dokar soja mai lamba 45. Soyinka ne shugaban farko, Olu Agunloye kuma kwamandan farko. A nan ne mataki na biyu ya kankama: maimakon a riƙe ka, sai a riƙe takardarka.

11/ Duk direba ya san tsarin. A rubuta maka takardar laifi, a karɓe lasinka ko takardun mota, ka je banki ka biya, ka kawo shaida, a yi maka ɗan wa'azin tuƙi, a miƙo maka kayanka. Takardar ta zama jingina. Ba ka biya ba, ba ka da abin nunawa a shinge na gaba.

12/ In laifin ya kai a tsare motar, dokar hukumar ta 2007 ta sa naira 200 a kowace rana bayan awa 24 na farko. In aka yi wata shida ba ka zo ba, hukumar na iya neman Babbar Kotu ta mallaka mata motar. Da yawa ba su san da wannan ba.

13/ A jadawalin dokar 2007 ɗin: rashin ɗaura bel naira 2,000, waya a kan tuƙi 4,000, takardar mota da ta ƙare 3,000, matsalar lasin tuƙi 10,000, lodin wuce kima 10,000, tuƙin ganganci 50,000. Bayan asusun bai-ɗaya na 2015, aka koma biya ta Remita, kuɗin ya tafi asusun tarayya.

14/ To amma jinginar takarda tana da ƙofar baya, kuma ba sai na yi dogon bayani ba. Mutum ya bar lasin a hannun jami'i, ya je wata jiha ya ce ya ɓata, a yi masa sabo. Muddin littattafai ba sa magana da juna, wayo yana ci. Wannan ƙofar ce hukumomi suka shafe shekaru suna neman toshewa.

15/ Toshewar ta fara ne daga lamba. Kafin 27 ga Agusta 1991 motocinmu KN suke ɗauke da ita, don mu 'yan Jihar Kano ne. Aka ƙirƙiri Jigawa, sannan a 1992 aka fito da lamba iri ɗaya ga duk ƙasa, da sunan jiha a sama da haruffa uku na ƙaramar hukuma: DUT, HJA, KZR, mu kuma KYW.

16/ A 2011, zamanin Osita Chidoka, aka sake fasalin lambar. Haruffan ƙaramar hukuma suka dawo gaba. Mutane sun ɗauka canjin ado ne da neman kuɗi. Babbar manufar ita ce kowace lamba ta shiga rumbun bayanai da sunan mai ita, adireshinsa da lambar wayarsa.

17/ Ba a karɓi abin salin-alin ba. A 2014 Mai shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Legas ya ce ba za a tilasta sabuwar lambar ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a shekarar. Shi dai wannan alƙali, a ƙarar lauya Tope Alabi, ya ce cin tara aikin kotu ne, ba na jami'in kan titi ba.

18/ Hukumar ta tsaya a kan cewa takardar laifi zaɓi ce: ko ka amsa ka biya, ko a haɗu a kotu. Gardamar ba ta mutu ba. Ranar 2 ga Oktoba 2024 Mai shari'a Evelyn Maha a Abuja ta hana jami'an VIO na Birnin Tarayya tare mota, ƙwace ta ko cin tara, a ƙarar lauya Abubakar Marshal.

19/ Kun ga inda aka dosa? Duk lokacin da kotu ta ɗaure hannun jami'i a kan titi, hukuma sai ta ƙara karkata ga inda ba sai an yi kokawa ba, wato teburin sabunta takardu. A can kai ne za ka kawo kanka, kowace shekara, da kuɗinka a hannu.

20/ Legas ce ta yi nisa a wannan. Kyamara ta karanta lambarka, saƙo ya tafi wayar da aka yi rajista da ita, bashin ya zauna a kan lambar. Ranar sabuntawa ya taso. A Fabrairun 2025 jihar ta sanar da naira 50,000 ga gudun wuce kima da 20,000 ga tsallake jar danja a inda ta kafa kyamarori.

21/ Me ya sa ya yiwu a can? Saboda mai cin tarar da mai sabunta takardar duk gwamnati ɗaya ce. A tsarin ƙasar nan harajin mota na jiha ne: hukumar tara kuɗin shiga ke rajista, VIO ke duba lafiyar mota, FRSC ke riƙe da rumbun lambobi na ƙasa. Hannu uku, aljihu biyu.

22/ Don haka a tambayi bashin na wane ne kafin a tambayi ko zai hana rajista. In na jihar da ta ba da lambar ne, kuma ta haɗe littattafanta, zai tare ka a tebur. In na tarayya ne, ƙarfinsa na farko yana ga takardar da aka karɓe da kuma sunanka da ya shiga kwamfuta.

23/ Alhazanmu da masu zama a Saudiyya sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Tun 2010 kyamarorin Saher ke aiki. Ba ka sabunta istimara, ba ka mayar da mota sunan wani, sai ka share tarar da ke kanka. Bashin ya taru wa mutane har a Afrilun 2024 aka yi rangwamen rabi.

24/ Afirka ta Kudu ta rubuta irin wannan a dokarta ta 1998: in tara ta kai matakin umarnin tilastawa, ba za a ba ka sabuwar takardar mota ba. A Amurka ma, jihar Kalifoniya ba ta sabunta rajista sai an biya tarar fakin. Amma a 2017 ta daina dakatar da lasin tuƙi don rashin biya kawai.

25/ Dalilinsu shi ne abin da na gani a ƙofar gidan Kawu. Ka hana talaka tuƙi don bai biya ba, ka hana shi hanyar samun abin da zai biya. Mai kuɗi tarar 50,000 kuɗin man sati ne a wajensa. Direban haya kuwa, abincin gida ne da kuɗin makarantar yara.

26/ Kada a fahimce ni a baibai. Ba na goyon bayan ganganci. Duk wanda ya san titin Kano zuwa Maiduguri, wanda aka ba da kwangilar tagwaita shi tun 2006, ya san gawarwakin da muka ɗauka tsakanin Shuwarin da Kiyawa, musamman ranar kasuwa. Tarar da ba a karɓa ba ta hana kowa gudu.

27/ Abin da nake cewa shi ne, lamba ba ta tuƙi, mutum ke tuƙi. In za a ɗora bashi a kan lamba, wajibi ne mai saye ya samu hanya mai sauƙi ta dubawa kafin ya biya, a buɗe ƙofar ƙorafi ga wanda aka ɗora wa laifin wani, a kuma yarda a biya kaɗan-kaɗan.

28/ Yadda ta Kawu ta ƙare: ya ƙi fita da takardun da suka ƙare, don kada garin neman gira a rasa ido. Muka je wajen dillalin. Da farko ya ce ciniki ya faɗa. Kawu ya ce, "Malam, da na san da bashi a kanta, da a haka zan saya?" Ya yi shiru.

29/ Dattawan tasha suka shiga tsakani. Wani malami a cikinsu ya tuna musu hukuncin fiƙihu, cewa aibin da aka ɓoye a haja yana ba mai saye damar mayarwa. Dillalin ya rantse shi ma bai sani ba, kuma na yarda da shi. Aka raba bashin biyu. Wanda ya yi laifin yana can, ko sunanmu bai sani ba.

30/ Bayan an biya, abu na farko da na sa Kawu ya yi shi ne canjin mallaka, ya kuma yanki lambar Jigawa da sunansa da wayarsa. Ya yi ta mitar kuɗin, ga inshora da ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Na ce, "Kawu, kwana taran nan nawa suka ci?" Bai ƙara magana ba.

31/ In za ku sayi ta hannu: ku duba lambar a shafin tantancewa na FRSC. Ku gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda. In lambar wata jiha ce, a duba bashinta kafin kuɗi ya fita. A rubuta yarjejeniya da kwanan wata da shaidu, a ce duk tarar da ta gabaci ranar ta mai sayarwa ce.

32/ Mai sayarwa ma ya kula, don wuƙar kaifi biyu gare ta. In ka bar sunanka a kan motar da ka sayar, duk abin da aka aikata da ita ƙofarka za a fara bugawa, kuma ba lallai ya tsaya a kan tara ba. Ka tsaya sai an cire sunanka.

33/ Wanda kuma aka rubuta wa takardar laifi, ya biya ta hanyar da aka rubuta, ya ɗauki hoton rasidin ya adana. In yana ganin an zalunce shi, ya nemi a kai shi kotu, haƙƙinsa ne. Jefa takardar a aljihun mota a manta shi ne kaɗai zaɓin da zamani ya kashe.

34/ Kakanninmu sun yi yawo da rasidin haraji a cikin hula. Mu namu rasidin yana rataye a gaba da bayan mota, kowa na karantawa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin sayen mota. Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi, ya faɗa mana yadda ya fita. Allah Ya kiyaye hanya.