Nakasar gwiwar gaba

Nakasar gwiwar gaba (sn., mc.) Larurar gaɓa da ke kama manyan karnuka irin su Labrador da Rottweiler tun suna 'yan kwikwiyo. Ƙasusuwa uku da suka haɗu a gwiwar ƙafar gaba ba sa girma daidai, sai guringuntsi ya goge ko ɗan ƙashi ya ɓalle. Larurar gado ce, amma ƙiba da saurin girma na ƙara tsananta ta. Ɗingishi yakan bayyana kafin kare ya cika shekara 1. Likitan dabbobi kan duba hoton ƙashi, ya ba da maganin kumburi, ya sa a rage ƙiba, ko ya yi tiyata. Ko da haka, amosanin gaɓa yakan biyo baya. *Misali: Kada a bar mai nakasar gwiwar gaba ya yi barbara.*