Iyakokin Tiyatar Dashen Faifan Roba a Ƙashin Wuya: Matsalar Tsiron Baƙon Ƙashi

Gabatarwa

Ƙasusuwa bakwai ne jere a wuyan ɗan Adam, kuma daga na biyu zuwa ƙasa akwai faifan guringuntsi tsakanin kowane biyu, wanda ke ba wuya damar sunkuyawa da waiwaye. Idan faifan ya tsage ko ya zaizaye har ya danne jijiya ko laka, ciwo kan sauko ta kafaɗa zuwa hannu, yatsu su mutu, ƙarfin riƙo ya ragu. An fi ganin haka tsakanin ƙashi na biyar da na shida, ko na shida da na bakwai. Tun shekarun 1950 likitoci a Amurka, Smith da Robinson da kuma Cloward, suka kafa hanyar shiga ta gaban wuya a cire faifan a cusa guntun ƙashi a gurbinsa, ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya.

Dashen faifan roba ya zo ne da alkawarin kawar da ciwo ba tare da an kashe motsin gaɓar ba. Ana ce masa na roba kamar yadda ake cewa haƙorin roba, amma yawanci ƙarfe ne haɗe da roba mai tauri. Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da faifan Prestige da na ProDisc-C a 2007, Bryan a 2009, sai Mobi-C a 2013 wanda aka yarda a dasa a gaɓa biyu. Maƙalar nan na da ra'ayin cewa babbar iyakar aikin tana cikin alkawarin kansa, domin motsin da aka dasa faifan saboda shi yakan ɓace a wuyan mutane da yawa.

Waiwaye

Kusan duk mai kare wannan tiyata yakan jingina da binciken Hilibrand da abokan aikinsa na 1999, wanda ya bi majinyata 374 da aka haɗe wa ƙashin wuya. Sun samu cewa a kowace shekara kashi 2.9 cikin ɗari kan kamu da sabon ciwo a gaɓar da ke maƙwabtaka da wadda aka haɗe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke nan a shekara goma. Daga nan aka gina hujjar cewa gaɓar da aka kashe tana jibga wa maƙwabciyarta nauyi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne binciken ya nuna waɗanda aka haɗe wa gaɓa fiye da ɗaya sun fi tsira daga wannan ciwo. Da nauyin ne kaɗai sanadi, da akasin haka za a gani. Wuyan da faifansa ɗaya ya lalace wuya ne da ya fara tsufa, kuma tsufan ba ya tsayawa a gaɓa guda.

Hanyar nazari

An duba rahotannin da aka buga kan gwaje-gwajen da suka kwatanta dashe da haɗewa, da waɗanda suka bi hoton ƙashi na shekaru, an fifita waɗanda ba a sanar da majinyaci irin aikin da aka yi masa ba.

Sakamako

Iyaka ta farko ita ce wa ya cancanta. Ba a dasa faifan ga mai laushin ƙashi, ko wanda ƙananan gaɓoɓin bayan wuyansa suka cinye, ko wanda ƙasusuwansa ke gocewa, ko mai ƙwayar cuta a wurin, ko wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙarfen. Auerbach da abokan aikinsa a 2008 sun tantance majinyata 167 da aka yi wa tiyatar wuya, suka ga kashi 43 cikin ɗari ne kawai suka dace.

Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ita ce tsiron baƙon ƙashi. Kafin a zaunar da faifan, sai an kankare fuskokin ƙasusuwan biyu, wani lokaci a yanka musu tsagi. Ƙashi kuwa idan aka ji masa rauni, abin da ya sani shi ne ya tsiro. A hoton gefe ana fara ganinsa kamar ɗan ƙaho a leɓen ƙashin sama, wani a na ƙasa. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙahonin su miƙo su rungume faifan, har su sadu su yi gada. McAfee ya kasa lamarin mataki-mataki a 2003, daga sifili zuwa huɗu: a mataki na uku motsi ya ragu, a na huɗu gaɓar ta sandare ɗungurungum.

Leung da abokan aikinsa a 2005 sun ga tsiron a kusan kashi 18 cikin ɗari na masu faifan Bryan bayan shekara guda, ya fi yawa ga maza da masu shekaru. Mehren a 2006 ya samu cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na gaɓoɓin da aka dasa wa ProDisc-C suka kuɓuta daga gare shi. Suchomel a 2010 ya bi nasa majinyatan shekara huɗu, ya tarar kashi 45 cikin ɗari na gaɓoɓin da aka dasa wa faifan sun kai mataki na uku, kashi 18 sun kai na huɗu. Alƙaluman suna hawa ne gwargwadon tsawon bibiya.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce tsiron ba ya dawo da ciwo, kuma galibi haka ne. Sai dai wannan amsa tana rushe hujjar aikin. Sauƙin da majinyaci ke samu daga ɗage abin da ya danne jijiya yake fitowa, kuma duka hanyoyin biyu suna yin haka. Idan wanda faifansa ya sandare yana jin daɗi daidai da wanda nasa ke motsi, to motsin bai ƙara komai ba, an dai yi haɗewa ta hanya mai tsada. Ya kamata a riƙa faɗa wa majinyaci wannan ƙarara kafin ya sa hannu.

Gwajin NECK na ƙasar Holan, mai mutum 109, wanda aka ɓoye wa majinyata irin aikin, bai sami bambanci ba a naƙasar wuya bayan shekara biyu tsakanin dashe da haɗewa da cire faifan kawai. Gwajin Suwidin da MacDowall ta bayar da rahotonsa a 2019 shi ma bai nuna fifiko ba a shekara biyar. Manyan gwaje-gwajen Amurka da suka nuna ƙarancin sake tiyata ga masu dashe, kamfanonin da ke ƙera faifan ne suka ɗauki nauyinsu, kuma likitan da ke yanke shawarar sake buɗe wuya ya san abin da ke ciki.

Akwai kuma matsalolin na'urar kanta: tana iya nutsewa cikin ƙashi ko ta goce, kuma ɓurɓushin robar da ke gogewa kan tayar da kumburi mai cin ƙashi, kamar yadda Scott-Young ya ruwaito game da faifan M6-C a Ostireliya a 2022. Wahalar haɗiya da dushewar murya kuwa suna bin duk aikin da aka shiga ta gaban wuya.

Iyakar nazarin

Dole a yarda cewa faifan ba iri ɗaya ba ne, kuma alƙaluman tsiron sun fito daga ƙananan rukunoni da tsofaffin ƙira. Masu amfani da sikanin CT sun fi gano shi fiye da masu hoton ƙashi na yau da kullum. An kuma yarda cewa bibiyar shekara bakwai zuwa goma a Amurka ta nuna matashi mai lafiyayyen ƙashi da faifai ɗaya da ya tsage yana amfana da dashen, amma yawancin masu zuwa asibiti da ciwon wuya sun wuce wannan siffa.