Daga Gidan Zoo Zuwa Kukwaba: Ina 'Ya'yanmu Za Su Yi Yawon Sallah?

  

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami yau shi ne wata muhawara da ta ɓarke a majalisarmu ta bayan kasuwar Utako, kwana biyu bayan ƙaramar sallah. Wani abokina mai gyaran waya ne ya kwashi ƙannensa huɗu ya kai su wani ƙaramin wurin wasan yara a cikin garin nan, wanda ba zan kama sunansa ba, ya dawo yana ta faɗa. Wai an ce an yi wa wurin gyara, amma shi bai ga komai ba sai sabon fenti, da sabuwar ƙofa, da rumfunan sayar da abinci. Lilon da yaran suka fi ɗoki kuwa an ɗaure shi da igiya, ba ya aiki. Ga kuɗin shiga daban, ga kuɗin hawa kowane abu daban. Ya ce wallahi masu wuraren nan ba abin da ya dame su sai aljihunsu.

Nan take wani yayanmu mai shagon atamfa ya tare shi. Ya ce, "Kai Malam, tsakaninka da Allah, tun babbar sallar bara ka sake taka ƙafarka a wurin? Kai da ni duk 'yan kasuwa ne. Shagon da ba ya ganin ciniki sai kwana huɗu a shekara, da me za a gyara shi?" Haka aka rabu gida biyu, har aka kira la'asar ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Ni dai na yi shiru, amma da na koma gida sai na ga maganar tana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu, mu Hausawa da ci-rani ko kasuwanci ya kawo iyayenmu Abuja.

Bari mu fara daga gida. Mahaifina mutumin Kano ne, kuma har yau idan ana hirar sallah ba ya rasa ambaton abubuwa biyu: kallon hawa da zuwa Gidan Zoo. Wanda ya tashi a Kano ba ya bukatar tikiti kafin ya ga Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa, bakin titi kawai zai samu ya tsaya. Shi kuma Gidan Zoo, gwamnatin marigayi Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ce ta gina shi a farkon shekarun 1970, don haka ma yake ɗauke da sunansa. A zamaninsa ne kuma aka yi madatsar ruwa ta Tiga da otal ɗin Bagauda. Wato a wancan lokaci gwamnati ta ɗauki shaƙatawar jama'a a matsayin aikinta, kamar dai hanya ko asibiti. Amma mai karatu ya lura da abin da ya faru da Bagauda: da baƙi suka ja baya, wurin ya tashi daga otal, yau harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce reshen Kano. Ashe ko a gida ma, wurin shaƙatawar da ƙafa ta ɗauke masa ba ya daɗewa a matsayinsa.

To, iyayenmu da suka taho Abuja ba su tarar da hawa ba, ba su tarar da fada ba. Gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. A ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. A 1979 wani kamfanin masu tsara birane, International Planning Associates, ya miƙa taswirar birnin, kuma a cikinta an ware filaye masu yawa, musamman bakin rafuffuka da gindin duwatsu, a kan a bar su kore, domin jama'a su sha iska. Sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja. Unguwarmu ta Utako, tare da Jabi da Wuye da Mabushi, tana cikin kashi na biyu na wannan tsari. Sai dai a shekarun da suka biyo baya an yanka da yawa daga cikin filayen nan an yi gine-gine a kansu.

Shekarar 2003 ita ce ta canza abubuwa. A shekarar ne aka buɗe babban filin wasa na ƙasa domin Gasar Wasannin Afirka, filin da tun 2019 ake kira da sunan Moshood Abiola. A watan Disambar shekarar kuma, lokacin taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila, Sarauniya Elizabeth ta biyu ta buɗe Millennium Park a Maitama, wanda wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ya zana. Wannan wuri ya yi wa talaka rana, don kuwa shiga kyauta ne, mutum ya ɗauki tabarmarsa da kwanon abincinsa ya je ya baje. Har ila yau a 2003 ne Malam Nasiru el-Rufa'i ya zama ministan Abuja, inda ya riƙe har 2007, ya yi ta rusau da sunan mayar da birnin kan taswirarsa ta asali. Daga nan hukumar birnin ta riƙa ba 'yan kasuwa hayar filayen shaƙatawa su gyara su gudanar. Duk wanda ya zauna a Abuja ya san ƙarshen da yawansu: sun koma "gadin", wurin gasa kifi da shaye-shaye da kallon ƙwallo da daddare. Ba wurin da magidanci zai kai iyalinsa ba ne. Dalili kuwa a fili yake, wanda ya karɓi haya zai bi abin da ke kawo kuɗi kullum, kuma manya masu zaman dare ne ke zuwa kullum, yara kuwa sai da biki.

A 2007 aka buɗe Wonderland a Kukwaba, kusa da babban filin wasa, a kan hanyar fita gari. Wannan kam na gan shi da idona ina ƙarami. Ba zan manta ba, Baba ya rufe shago da wuri washegarin sallah, ya zuba mu a tasi ni da ƙannena, kowa da sabon ɗinkinsa da kuɗin barka da sallah a aljihu. Ranar na fara hawa jirgin ƙasa na yara da motocin nan masu karo da juna. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma shi ne jama'ar da na gani: ko'ina ka juya Hausa kake ji, 'yan Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, 'yan mata da lalle, samari da hula a karkace, wasu daga Nyanya, wasu daga Gwagwa da Karmo, wasu har daga Suleja. Baba ya dube mu ya ce, to ga namu hawan sallar nan. Daga baya an sauya wa wurin suna zuwa Magicland, amma mutanenmu da yawa har gobe tsohon sunan suke kira.

A nan ne nake ganin yayanmu mai atamfa yana da gaskiya. Wurin da ke da injuna ba kamar fili mai ciyawa ba ne. Injin yana cin wuta, kuma mun san halin wutarmu, don haka janareta ne da dizal. Kayan gyaransa daga waje ake shigo da su, da dala. Ma'aikata kuma sai an biya su ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Annobar korona ta 2020 ta rufe wuraren taruwa na tsawon watanni, shi kansa Millennium Park sai a 2022 aka sake buɗe shi. Sannan a 2023 aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi. Wannan ya bugi ɓangare biyu lokaci guda: mai wuri kuɗin gudanarwarsa ya tashi, magidanci kuma kuɗin motar kai yara kaɗai ya isa ya sa ya fasa. Idan baƙi suka ragu sai a ƙara kuɗi, idan aka ƙara kuɗi sai baƙi su ƙara raguwa. Daɗin daɗawa ga kishiyoyi sun fito. Tun da aka buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a 2015, nan kusa da mu, matasa da yawa can suke yawon sallarsu, su sha sanyin na'ura, su ɗauki hoto a bakin tafki, su dawo gida.

Amma fa shi ma abokina mai gyaran waya ba a banza yake faɗa ba. Idan mai wuri ya samu 'yan kuɗin gyara, ina yake fara kai su? Sau da yawa sai ka ga ya fara da abin da ido ke gani daga titi, da ɗakin taro na haya don biki da shagalin ranar haihuwa, da rumfunan abinci, domin su ne ke mayar da kuɗi da sauri. Injin da yaro ya zo dominsa shi ne na ƙarshe a layi. Kuma kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ke wannan kuka. A Amurka, lokacin da aka buɗe Disneyland a 1955, dala ɗaya ce kuɗin shiga, ban da na hawa abubuwa. Yau tikitin yini guda ya haura dala ɗari. Tsarin tsallake layi da kamfanin ya fito da shi kyauta a 1999, a 2021 ya maye gurbinsa da na biya. Masoya wurin na can suna ta irin muhawarar da muka yi a bayan kasuwar Utako. Bambancin kawai shi ne su suna da ƙungiyoyi da mujallu, suna rubutawa, kuma kamfanin ya san da zamansu.

A nawa ɗan ƙaramin tunanin, abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, gyara yana bin wanda ake gani ne. A Kano ta Audu Bako gwamnati ce ta ɗauki nauyi. A Abuja an miƙa yawancin abin ga 'yan kasuwa, shi kuwa ɗan kasuwa yana gyara wa mai zuwa kullum ne, kamar yadda Baba ke ajiye wa tsohon kwastomansa kaya mai kyau. Mu kuma mun zama baƙin kwana biyu: mu cika wuri maƙil ranar sallah, mu sha layi, mu yi ƙorafi a majalisa, mu ɓace sai wata shekara. Mu ne muka fi kowa yawa a ranar, amma ba wanda ya taɓa jin bukatarmu daga bakinmu, ko ta wurin salla mai tsabta ce, ko ta inuwar da iyaye mata za su zauna, ko ta rangwame ga mai yara da yawa.

Don haka ga shawarata ga 'yan'uwa. Makarantun Islamiyyarmu na Utako da Jabi da sauran unguwanni za su iya shirya kai ɗalibai a ranakun da ba na biki ba, su nemi ragi tun da a jumla suka zo, ai ciniki sana'armu ce. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu da sarakunan Hausawa na unguwanni za su iya zama da masu wuraren nan kafin sallah, a faɗa masu abin da ake so. Idan mutum ya ga injin da bai yarda da lafiyarsa ba, kada ya ɗora ɗansa, kuma ya je ofis ya faɗa da bakinsa. Sannan mu riƙa tuna wa hukumar birnin cewa filayen da taswirar 1979 ta ware na jama'a ne, haya aka bayar, kuma ya kamata a bar wa yara rabonsu a ciki. Masu hali a cikinmu kuma, da ke gina rukunin shaguna a kowace kusurwa, me zai hana wani ya gwada wurin wasan yara irin wanda ya dace da tarbiyyarmu?

Ƙannena da aka haifa a nan ba su taɓa ganin Hawan Daushe ba sai a waya. Abuja ce garinsu, ko mun so ko mun ƙi, kuma abin da za su ba 'ya'yansu labari a kan sallah shi ne abin da muka nuna masu yanzu. Na gaya wa abokina da yayanmu haka da muka sake haɗuwa, mai atamfa ya ce ya yarda, amma da sharaɗin mai gyaran waya ne zai biya kuɗin mota. Har yanzu dai ana kan ciniki.

Wanda ke da ƙarin bayani, musamman dattawanmu da suka riga mu zuwa garin nan, ƙofa a buɗe take. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah ya yafe mana. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu. Wassalam.